Yadda Ake Tantance Sulen Azurfa na Rumawa Kafin a Biya Kuɗi

Tambayar nan ta yi yawa, kuma kusan kullum da hoto take zuwa: ɗan ƙaramin sule mai kan mutum a fuska ɗaya, rubutun boko ya zagaye shi, sai a ce, "Malam, wannan na Rumawa ne? Nawa zai yi?" Wasu a Alƙahira ko Istanbul aka tallata musu, wasu a intanet suka gani, wasu kuma sai da suka biya, suka goge shi da toka ya yi fes, sannan suka tuna da tambaya. Hoto kaɗai ba ya yanke hukunci. Masu harkar suna da tsarin da suke bi, kuma ba sa tsallake layi: a san wane sule ne tukuna, a bincika ko na gaske ne, a yi ciniki, wanki kuwa shi ne na ƙarshe, in ma za a yi shi.

Azurfar da ke jikin sulen ba ta wuce giram 3 da ɗoriya ba, kuɗinta 'yan daloli ne. Abin da ake saye shi ne tsufansa da lafiyar fuskarsa. Duk gwajin da zai taɓa fuskar nan, asara ce ko da ya nuna azurfa ce tsantsa.

1. Haɗa kayan aiki

Kana buƙatar ƙaramin sikelin lantarki mai nuna 0.01 na giram, irin na masu sayar da gwal. Na kicin ba zai yi ba. Sai ma'aunin faɗi na milimita, gara na roba domin na ƙarfe yana karce, da gilashin ƙara girma mai ninki 10, da mayen ƙarfe, da fitila mai haske sosai, da tsumma mai laushi da za ka shimfiɗa a kan tebur. Gaba ɗaya ba su kai kuɗin sule ɗaya mai kyau ba.

Gargaɗi: a gefe ake riƙe sule, da wankakken hannu, kuma a saman tsumma. Azurfar da ta daɗe a ƙasa takan yi gautsi daga ciki, in ta faɗi a siminti sai ta rabe biyu. Saboda haka kada ka jefa shi ƙasa don ka ji ƙararsa. Kada kuma ka kai shi wurin maƙerin fari ya goga a dutse ko ya ɗiga masa ruwan gwaji.

2. Dubi abin da ke kan sarkin

Kafin ka karanta ko harafi ɗaya, kan sarkin zai gaya maka irin sulen.

In kambin ganye ne a kansa, ko kuma kan ba komai, kuma sulen ƙarami ne, to dinariyus ne. Shi ne babban kuɗin azurfa tun kafin zamanin sarki Agustus har wajen shekara ta 240 miladiyya, kuma shi aka fi samu a hannun mutane. Guda 25 ne ke yin sulen zinariya ɗaya, albashin soja kuwa guda 225 ne a shekara a zamanin Agustus, har Domishiyan ya ƙara shi zuwa 300.

In kambin mai tsinaye ne kamar hasken rana, to antoniniyanus ne, wanda Karakalla ya fito da shi a 215. In mace ce a jiki, alamar ita ce jinjirin wata a ƙarƙashin kafaɗunta.

In kuwa ɗaurin kai ne mai jerin duwatsu, sulen siriri ne, kuma a ƙasan bayansa akwai haruffa irin TRPS ko MDPS, to silikwa ce ta ƙarni na 4 zuwa na 5. Haruffan nan garin da aka buga shi suke nunawa, na farko Tiriya ta Jamus, na biyu Milan.

In ka ga manyan haruffa S C sun cika tsakiyar bayan sule mai kauri, kuɗin tagulla ne, ko da wani ya shafa masa fari.

3. Auna nauyi da faɗi, ka rubuta

Dinariyus yana tsakanin milimita 17 zuwa 20. Nauyinsa ya danganta da zamani. Daga Agustus zuwa farkon mulkin Nero yana kusan giram 3.7 zuwa 3.9. A shekara ta 64 Nero ya rage shi zuwa kamar 3.4, aka kuma fara ƙara masa jan ƙarfe. Zuwa zamanin Saftimiyus Seberus, mutumin Leftis Magna ta Libiya wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211, azurfar ta koma kusan rabi, nauyin kuma yana yawo a kewayen giram 3. Antoniniyanus ya fi faɗi, milimita 20 zuwa 23. Ya fara da kusan giram 5, a zamanin Gordiyan na III ya sauko wajen 4 da ɗoriya, zuwa ƙarshen mulkin Galiyenus a 268 kuwa tagulla ce kawai da aka wanke da azurfa, azurfar ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Silikwa ta ƙarshen ƙarni na 4 tana kusan giram 2, da yawa ma an yanke gefensu tun a da.

Da hannu aka yi sulallan nan, don haka bambancin 0.2 ko 0.3 ba abin tayar da hankali ba ne. Wanda ya sha hannu ya goge dole ya yi sauƙi. Abin tsoro shi ne sule mai kaifin zane kamar jiya aka buga shi amma nauyinsa 2.4, ko dinariyus na Hadiriyan mai giram 4.5.

Kusanto da mayen ƙarfe. In ya ja, an gama magana. In bai ja ba, ba ka tabbatar da komai ba tukuna, domin dalma da kuza da tagulla ma ba sa jawuwa.

Akwai gwajin ruwa ga mai son ƙarawa. Ɗora ƙaramin kofin ruwa a sikeli, ka mayar da shi sifiri, ka ɗaure sulen da siririn zare ka nutsa shi ba tare da ya taɓa gindin kofin ba. Raba nauyinsa na busasshe da lambar da ta fito. Azurfa tsantsa tana ba da 10.5, jan ƙarfe 8.9, kuza wajen 7.3. Sule mai giram 3.30 da ya nuna 0.32 a ruwa ya ba da 10.3. Amma lura, da 0.33 ya nuna da ya koma 10.0, wato ɗigo ɗaya na kuskure yana sauya sakamako. Gwajin yana kama jabun kuza da dalma, ba ya kama jabun da aka yi da azurfa ta gaske.

4. Karanta rubutun

A nan mutane suke karaya, alhali kalmomin ba su da yawa, maimaita su ake yi. Fara daga ƙasa ta hagu, ka bi yadda hannun agogo yake tafiya. Ba a barin fili tsakanin kalmomi, V tana tsayawa a matsayin U, I kuma a matsayin J, kuma sau da yawa ana rubuta 4 da IIII. A wasu sulallan Agustus da Tibariyas da gidan Basfasiyan rubutun yana bin akasin agogo, sai ka juya sulen.

IMP laƙabin shugaban rundunar da ya ci yaƙi ne. CAES Kaisar. AVG Agustus, wato mai sarauta, AVGVSTA kuma matarsa ko uwarsa. P M shugaban masu hidimar addininsu. P P uban ƙasa. GER, DAC, PARTH, BRIT mutanen da ya ci da yaƙi ne. DIVVS ko DIVA na nuna mai hoton ya riga ya mutu lokacin da aka buga sulen, galibi za ka ga CONSECRATIO da gaggafa a baya.

Biyu ne suke ba da shekara: COS da TR P. COS muƙamin kwansul ne, wani babban muƙamin mulki a Rum, lambar da ke biye da shi tana nuna karo na nawa. TR P kuwa iko ne da ake sabuntawa duk shekara, don haka ya fi tsuke lokaci. Ga misali. Fuska ta ce IMP TRAIANO AVG GER DAC P M TR P, baya ya ce COS V P P S P Q R OPTIMO PRINC. Tarajan ke nan, ya karɓi kwansul na biyar a 103, na shida a 112, saboda haka an buga sulen tsakanin 103 da 111. Wani kuma ya ce M ANTONINVS AVG ARM PARTH MAX, bayansa TR P XX IMP IIII COS III. Markus Oreliyus ne, shekara ta 166.

Gargaɗi: sunan ANTONINVS tarko ne, sarakuna da dama sun yi amfani da shi. ANTONINVS AVG PIVS P P tare da dattijo mai gemu, Antoninus Fiyus ne. ANTONINVS PIVS AVG tare da yaro ko saurayi, ko mai murtukakkiyar fuska da BRIT ko GERM a ƙarshe, Karakalla ne. IMP ANTONINVS PIVS AVG kuwa Elagabalus ne. Sunayen Karakalla da Elagabalus laƙabi ne, ba za ka taɓa ganinsu a matsayin sunan sarki a jikin sule ba. Haka VESPASIAN: in da T ko TITVS a gaba, Titus ɗan Basfasiyan ne, ba uban ba. FAVSTINA ma biyu ce, uwa da 'ya.

Gemu yana taimakawa. Kafin Hadiriyan, wanda ya hau a 117, sarakunan aske fuska suke yi, daga shi ne gemu ya zama ado.

Juya baya, inda sau da yawa akwai hoton wata allahiyarsu, ka ga abin da take riƙe da shi, domin da shi ake gane ta ko rubutu ya goge. Mai fukafukai da kambi a hannu VICTORIA ce. Mai reshen zaitun PAX. Mai sikeli AEQVITAS. Mai ciyar da maciji SALVS. Mace mai hular yaƙi da mashi a bayan sulen Domishiyan allahiya Minaba ce, yawancin dinariyus ɗinsa ita ce a jiki.

5. Nemo ɗan'uwansa a kundi

Kundin da kowa ke dogara da shi shi ne Roman Imperial Coinage, ana taƙaita shi RIC, kuma da lambarsa dillalai ke kiran sule. Ba sai ka saya ba. Shafin OCRE na ƙungiyar masu nazarin kuɗi ta Amurka ya ɗora nau'o'in kyauta tare da hotunan sulallan gidajen tarihi, WildWinds ma yana da amfani. Rubuta haruffan da ka iya karantawa, ka zaɓi sarki da irin kuɗin, ka duba har ka sami wanda rubutun fuskarsa da na bayansa da hoton duk suka dace da naka.

In ka rasa shi sam, kada ka yi murnar ka tsinci wanda babu irinsa. Mafi yawan lokuta fuskar wani sarki ce aka haɗa da bayan wani, aikin masu jabu na da ko na yanzu.

In ka samu, jera hotuna biyar ko goma na nau'in ka kwatanta hanci, ido, gashi da ƙirar haruffa. Na gaske za su yi kama amma ba za su zama ɗaya sak ba, domin kowane hatimi, wato ƙarfen da ake buga sule da shi, da hannu aka sassaƙa shi. Wanda za ka ji tsoro shi ne wanda ya yi daidai da naka har a tsagewar gefe da karce da inda ya goge. Sule biyu suna iya fitowa daga hatimi ɗaya, amma ba za su tsufa iri ɗaya ba. In ka ga haka, daga uwa ɗaya aka zuba su. Duba kuma rumbunan hotunan jabu, irin na Forum Ancient Coins da Forgery Network.

6. Sa gilashi a gefe da fuska

Bugu aka yi wa sulen Rumawa, ba zubi ba. Ana ɗora guntun azurfa tsakanin hatimi biyu a doka da guduma. Wannan bugun yana barin alamu, su kake nema.

Fara da gefe, ka zagaya shi duka. Na gaske ba ya zama da'ira cikakkiya, yakan sami ƙananan tsagewa masu kaifi da suka shiga ciki. In ka ga siririn layi ya zagaye gefen kamar inda aka haɗa ɓari biyu, zubi ne. In an bi gefen da zarto ya yi sumul, layin nan aka ɓoye. Tsagewar da ta cike da ƙarfe, bakinta a dunƙule, ita ma ta zubi ce.

Koma fuska, ka karkatar da fitila ta gefe. A mai lafiya za ka ga siraran layuka sun tashi daga haruffa suna nufar baki, sawun yadda ƙarfe ya gudu a ƙarƙashin guduma. Haruffa suna tashi da kaifi daga fili. Na zubi kuwa komai nasa ya yi laushi kamar sabulun da aka fara wanka da shi, da ƙananan ramuka masu zagaye da ƙuraje a tsakanin haruffa. Tsufa na gaske yana cin wuraren da suka fi tudu, kunci da gashi da ganyen kambi, ya bar lungu da kaifinsa. In ko'ina ya dushe daidai wa daida, akwai magana.

Jabu iri-iri ne, kuma ba duka ne na banza ba. Akwai na zamanin Rumawan kansu: jan ƙarfe ne a ciki aka lulluɓe da fallen azurfa. Za ka gane shi da rashin nauyi da inda fallen ya ɓare, ja ko kore ya leƙo. Tsohon abu ne na gaske, ana sayensa, amma ƙasa da kuɗin na azurfa. Akwai na 'yan yawon buɗe ido, wanda wani lokacin ma an buga masa COPY ko WRL a wani lungu. Sai kuma mai haɗarin, wanda aka buga da sabon hatimi a kan azurfa ta gaske. Wannan yana tsallake sikeli da ruwa da gefe, salon zanen ne kawai yake tona shi: fili ya yi shafal, ido ya yi na zamani, haruffa sun yi daidai fiye da kima. Sabon shiga ba zai kama shi ba, shi ya sa mataki na gaba ya fi gilashi muhimmanci in kuɗin da yawa.

7. Tambayi inda ya fito

Mai sayarwa na kirki yana ba da nauyi, faɗi, lambar RIC, hoton fuska biyu, rasit, da alkawari a rubuce cewa zai mayar da kuɗi duk ranar da aka gano jabu ne. In akwai tsohuwar takardar wanda ya mallake shi a baya ko lambar gwanjon da aka taɓa sayar da shi, darajarsa ta ƙaru. Wanda ya ce maka manomi ne ya tono shi jiya, ka yi sauri kafin wani ya zo, bar masa kayansa.

Gargaɗi ga matafiya, 'yan kasuwa da ɗalibai musamman: Masar ta haramta cinikin kayan tarihi tun dokar 1983, Turkiyya ma ta hana fitar da su, kuma an sha tsare baƙi a filin jirgi saboda 'yan sulalla a jaka. Italiya sai da takardar izini. Abin da ake tallatawa a bakin kufai ko dai jabu ne ka yi asarar kuɗi, ko na gaske ne ka shiga hannun hukuma. Mazauna Ingila da suka tono tsofaffin sulallan azurfa biyu ko fiye a wuri ɗaya, dokar 1996 ta wajabta musu kai rahoto cikin kwana 14.

8. Lissafa kuɗin gaba ɗaya

Sarki ne da lafiyar sule ke yanke farashi, ba tsufa kaɗai ba. Dillalai suna rubuta F ga wanda ya goge sosai amma ana karanta shi, VF ga matsakaici mai kyau, EF ga wanda da kyar ya sha hannu. Antoniniyanus na Gordiyan na III ko dinariyus na gidan Seberus a matakin VF yakan samu da 'yan gomomin daloli, na Tarajan da Hadiriyan da Markus Oreliyus sukan kai wajen dala 100 ko su ɗan haura. Na Tibariyas mai PONTIF MAXIM a baya ɗaruruwa ne, ba don ƙaranci ba, sai don masu nemansa saboda labarin kuɗin haraji na Linjila. Na Oto, wanda wata uku kacal ya yi a 69, da na Fartinas na 193, sun fi haka nesa. In aka miƙo maka ɗayansu a dala 30, araha ba ta ado.

A gwanjo, farashin da tayi ya tsaya a kai ba shi kaɗai za ka biya ba. Gidajen gwanjo suna ɗora la'adar kusan kashi 20 cikin 100, wasu fiye. Sulen da ka ci a yuro 60 ya zama 72, ga kuɗin aikowa mai lambar bibiya, ga cajin banki da canji. Kafin ka taya, duba nawa irinsa ya tashi a gwanjon baya, ka yanke iyakarka ka tsaya a kai. A ganina sabon shiga ya fara da dillalai masu farashi a tsaye, irin na VCoins ko MA-Shops, ya sayi na arha guda biyu ko uku idonsa ya saba. Kuma kada akwatin roba na kamfanin NGC ya sa ka saki jiki gaba ɗaya: suna duba sule su ba shi mataki, amma ba sa ba da garantin sahihanci a kan tsofaffin sulalla irin waɗannan.

9. Wanki, in ya zama dole

Sulen da ya fito daga dillali an riga an wanke shi. Launin toka-toka ko baƙi-baƙin da ke jikinsa ba datti ba ne, masu saye suna ƙara kuɗi saboda shi. Ƙasa ce kaɗai ake cirewa. Jiƙa shi a tataccen ruwa na kwana biyu ko uku, kana sauya ruwan, ka bi shi da burushi mai laushi, ka ɗaga abin da ya maƙale da jiƙaƙƙen tsinken sakace a ƙarƙashin gilashi. Ɗauraye, ka dafa shi da tsumma ya bushe, kada ka goga.

Gargaɗi: in ruwan batir za ka saya a matsayin tataccen ruwa, tabbatar ba mai asid ɗin ba ne. Toka, man goge baki, soson ƙarfe da man goge tagulla duk suna barin karce da ba ya gyaruwa. Lemun tsami da tsamiya suna cinye jan ƙarfen da ke cikin sulallan ƙarni na 3 su bar fuskar da ramuka, a kan antoniniyanus na Galiyenus kuwa ɗan farin da ya rage suke kwashewa. In ka ga wani kauri mai launin toka ko shunayya ya manne kamar kakin zuma, aikin ƙwararre ne.

10. Ajiya da rubutu

Kowane sule da gidansa, kada su gogi juna. Yi amfani da ƙaramin ambulan na takarda marar asid ko leda mai tauri da aka yi don sulalla. Leda mai laushi mai warin roba tana fitar da wani kore mai danƙo a hankali. In ya riga ya kama, tsoma sulen a asiton tsantsa, ba na goge farce mai turare ba, a wuri mai iska nesa da wuta. Nisanta shi da robar ɗaure kuɗi, ulu, da kicin, domin farar wutar da ke cikin roba da ƙwai da albasa tana baƙanta azurfa. Da damina sa ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi, irin na kwalin takalmi, a cikin akwatin.

A jikin ambulan rubuta sarki, shekara, rubutun fuska da baya, nauyi, faɗi, lambar RIC, wurin da ka saya, rana da farashi. Ɗauki hoton fuska biyu da gefe, ka haɗa da rasit a wuri ɗaya. Ranar da za ka sayar, takardun nan ne mai saye zai fara nema kafin ya ɗauki gilashi.